Ci 12, kashi 20: yadda za a auna aikin Tom Crean a Indiyana

A watan Maris na 2011 ƙungiyar ƙwallon kwando ta Jami'ar Indiyana da ke Amurka ta sha kashi a hannun Jami'ar Penn State, kakarta ta ƙare ke nan. Karo na tara ke nan a jere da aka doke ta. Da aka tattara lissafi, wasa 12 ta ci, aka cinye ta a 20. A rukuninta na Big Ten wasa uku kacal ta ci cikin 18, su ma duk a gida. Shekara ta uku ke nan da kocinta Tom Crean ya kama aiki, kuma in aka haɗa shekarun ukun, nasara 28 gare shi, kashi 66.

Wanda duk ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma zai ce a sallami mutumin nan kowa ya huta. Masu jami'ar ba su sallame shi ba. Bayan wata tara 'yan wasan nan dai, da ƙarin mutum ɗaya mai muhimmanci, suka doke ƙungiyar da ta fi kowacce ƙarfi a ƙasar. To me ke cikin kakar 2010 zuwa 2011 da allon maki bai nuna ba? Kuma cikin abin da ya biyo baya, nawa ne rabon koci, nawa ne na yaran, nawa ne na sa'a?

Gonar da ya gada

Indiyana ba ƙaramar makaranta ba ce a wannan fage. Kofin ƙasa biyar gare ta: 1940, 1953, 1976, 1981 da 1987. Ƙungiyarta ta 1976, ƙarƙashin Bob Knight, ta buga wasa 32 ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Zauren wasanta da ke garin Bloomington, wanda ake kira Assembly Hall, yana cin mutum sama da 17,000. Jama'ar jihar kuwa sun ɗauki ƙwallon kwando kamar gadon gidansu, ba su saba da haƙuri a kanta ba.

A watan Fabrairu na 2008 kocin da ke kai, Kelvin Sampson, ya ajiye aiki saboda zargin karya dokar hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA game da buga wa yaran da ake zawarci waya. Aka ɗauko Crean daga Jami'ar Marquette a watan Afrilu. Kafin a fara sabuwar kaka ƙungiyar ta watse. Eric Gordon ya tafi gasar ƙwararru ta NBA, D.J. White ya gama karatu, Jordan Crawford ya koma Jami'ar Xavier, wasu kuma aka kore su. Mutum biyu suka rage, Kyle Taber da Brett Finkelmeier, kuma dukansu sun shigo ƙungiyar ne tun farko ba tare da tallafin karatu na 'yan wasa ba, wato irin yaran da ke cika benci. Hukumar ta kuma sa makarantar ƙarƙashin sa ido na shekara uku.

Yana da kyau mai karatun da ya saba da ƙwallon ƙafar Turai ya gane bambancin. A wancan lokaci kocin jami'a ba shi da kasuwar da zai shiga ya sayi ɗan wasa. Gurbin tallafin karatu 13 ne iyakar abin da doka ta ba shi. Yaro yana zuwa ne daga sakandare yana ɗan shekara 18, ya buga kaka huɗu in ya daɗe, ya wuce. Wanda ya sauya makaranta kuwa sai ya zauna shekara guda bai buga ba. Saboda haka hanya biyu ce kawai: ko ka shawo kan yaro gwani ya zo, ko ka ɗauki wanda ka samu ka mai da shi gwani. Gwanaye ba sa rububin zuwa inda ake shan duka, sai hanya ta biyu ta zama dole.

Kakar farko aka ci wasa 6 aka sha kashi 25. Ta biyu 10 da 21. Babu wanda ya zargi Crean a kan ta farko, kuma kwantiraginsa na shekara goma ya nuna masu makarantar sun san aikin ba na kwana ɗaya ba ne. A kaka ta uku ce gunaguni ya fara fitowa fili.

Tarkon yawan maki

Abu na farko da mai auna koci a irin wannan kaka zai kiyaye shi ne yawan makin da ɗan wasa ke ci. A ƙungiya mai rauni dole wani ya yi jifa, dole wani ya ci maki, ko da kuwa a wata ƙungiyar ba zai tashi daga benci ba. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Tom Pritchard misali ne. A shekararsa ta farko, kakar nan ta nasara shida, yana cin kusan maki 10 a kowane wasa. A shekararsa ta huɗu bai kai maki biyu ba. Wanda ya dubi takarda zai ce koci ya lalata yaron. Gaskiyar ita ce maki goman farko ba su taɓa nuna matsayinsa ba, sun nuna dai babu wani dogon da za a dogara da shi a ƙungiyar sai shi. Da ƙungiya ta samu waɗanda suka fi shi sai ya koma aikin da ya dace da shi, ya shigo na 'yan mintuna ya tare hanya ya sa ƙarfi, kuma ya zauna har ya gama shekarunsa huɗu.

Abu na biyu rauni ne. Maurice Creek shi ne aka sa ran zai ɗauki ƙungiyar. A farkon kakar 2009 yana cin sama da maki 16 a wasa, har ya zuba wa ƙungiyar Jami'ar Kentaki 31 a dare ɗaya. A watan Disamba ƙoƙon gwiwarsa ya karye. Ya dawo, a Janairun 2011 ɗaya gwiwar ta tsage. Kafin kaka ta gaba kuma jijiyar agararsa ta tsinke. Ba a iya ɗora wa koci alhakin wannan, amma yana cikin lissafin kashi 20 ɗin nan, don kuwa an buga rabin kakar babu shi. Akwai kuma wani dogon ɗan wasa da aka ɗauko, Guy-Marc Michel, wanda hukuma ta hana shi bugawa saboda ya taɓa alaƙa da ƙungiyar ƙwararru a Faransa. Sai ƙungiyar ta wayi gari ba ta da mai tsaron ƙarƙashin kwando na gaske.

In an ajiye waɗannan gefe, abin da ya rage a duba shi ne yaran da suka zauna. Shin abin da yaro ke yi bana ya fi na bara kyau, ba yawa ba? Cikin jifa goma nawa ke shiga? Shin ya koyi wani abin da bai zo da shi ba?

Mutum huɗu

Christian Watford dogo ne mai ƙafa 6 da inci 9, daga Birmingham ta jihar Alabama. A shekararsa ta farko maki 12 yake ci a wasa, a ta biyu, wato kakar da muke magana a kai, ya kai 16. Wannan ƙarin bai dame ni ba sosai, saboda dalilin da na faɗa a sama. Abin lura shi ne jifarsa ta nesa, mai maki uku. A shekarar farko kusan 32 cikin ɗari ke shiga. A ta biyu 38. A ta uku ta kusa 44, a ta huɗu ta haura 48. Hawa ne na tsani, kowace shekara taki ɗaya, kuma an fara ganinsa tun ƙungiya na shan duka. Abin sha'awa, a shekarar da ƙungiya ta gyaru makinsa ya sauko daga 16 zuwa 12 da ɗoriya. Ya ragu a takarda, ya ƙaru a fili.

Jordan Hulls ɗan garin Bloomington ne, gajere a ma'aunin wannan wasa, wanda mutane da yawa suka ce jikinsa ba zai ɗauki Big Ten ba. Daga maki shida da 'yan kai ya koma 11. A wannan kakar ce ya fara jera jifar kyauta, wadda ake ba ɗan wasa in an yi masa keta, har ya zura 58 a jere bai ɓarar ba kafin a tsinke a kaka ta gaba. Shi dama ya zo da hannu. Abin da ya ƙaru shi ne ya daina tsayawa jiran a miƙo masa, ya koyi samar wa kansa jifa da riƙe ragamar wasa.

Sai sababbin shiga biyu da ba wanda ya yi shelar zuwansu: Will Sheehey da Victor Oladipo. A kan Oladipo zan daɗe, don shi ne ƙashin bayan duk wata hujjar da ake kafa wa Crean.

An haife shi a jihar Maryland, mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce, mahaifinsa kuma haifaffen Saliyo. Ya yi sakandare a DeMatha, makarantar da ta shahara da ƙwallon kwando, amma masu jera sunayen yaran sakandare ba su sa shi cikin ɗari na farko ba. Yana da tsalle, yana da gudu, yana da naci wajen tsaro, amma ba ya iya jifa daga nesa, kuma ƙwallo ba ta zama a hannunsa. A kakar 2010 zuwa 2011 maki 7.4 yake ci a wasa, galibi daga benci yake tasowa. Wanda ya kalle shi a lokacin zai ga yaro ne mai zafi da ke sace ƙwallo ya ruga ya dankara ta a kwando, can kuma ya zubar da ita a banza ko ya yi keta marar dalili.

A nan wata ɗabi'ar Crean ta yi amfani. Yana sa a ƙirga masa sau nawa kowane ɗan wasa ya taɓa ƙwallon abokan hamayya ya karkatar da ita, ko da bai ƙwace ba. Wannan ba ya fitowa a takardar sakamakon wasa, amma yana nuna wanda hannunsa da idonsa ba sa barci. Ma'auni ne da ya ba yaro irin Oladipo hanyar samun mintuna tun bai iya jifa ba. Ni a ganina wannan shi ne aikin horarwa na gaske a kakar gini: ka samo abin da yaro ya iya yau, ka ba shi fili da shi, don ya samu lokacin koyon abin da bai iya ba. Kocin da ke tsoron kujerarsa sai ya ajiye irin wannan yaro a benci saboda kurakuransa.

A shekara ta biyu Oladipo ya kai maki 10.8, amma jifarsa ta nesa ta ƙara lalacewa: 10 kacal suka shiga cikin 48. Da a nan aka yanke hukunci da an ce ba a koya masa komai ba. A shekara ta uku ya zura 30 cikin 68, kuma in aka haɗa dukkan jifarsa kusan 60 cikin ɗari ke shiga, abin da ba kasafai ake gani ba ga ɗan wasan da ba a gindin kwando yake tsayawa ba. Aka zaɓe shi gwarzon mai tsaro na Big Ten a 2013. A watan Yuni Orlando Magic ta ɗauke shi na biyu a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA, ya kuma kammala digirinsa cikin shekara uku. Sheehey shi ma a wannan shekara ya karɓi kyautar gwarzon mai tasowa daga benci.

An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Larabar nan ta ɗan leƙo a kakar kashi 20 ɗin. A ƙarshen Janairun 2011 sun doke Illinois da 52 da 49, ɗalibai suka kwararo cikin fili don murna, bayan 'yan kwanaki suka doke Minnesota, dukansu ƙungiyoyi ne da ke cikin jerin manya na ƙasa a lokacin. Daga nan kuma ba su sake cin wasa ba har aka rufe kaka. Mai son Crean zai riƙe wasanni biyun, mai ƙinsa ya riƙe taran da suka biyo baya, kuma kowanne yana da abin faɗa.

Zuwan Zeller ya dagula lissafi

A watan Nuwamba na 2010, ana shirin fara wannan kaka, Cody Zeller ya sanar da cewa Indiyana zai zo. Dogo ne mai kusan ƙafa 7, ɗan jihar, kuma manyan makarantu na zawarcinsa, har da North Carolina inda yayansa Tyler ke wasa. Ya iso a 2011, ya ci maki 15.6 a wasa tun a shekarar farko.

Ranar 10 ga Disamba, 2011 Kentaki ta zo Bloomington tana ta ɗaya a ƙasa, da tauraronta Anthony Davis a cikinta. Saura daƙiƙa biyar da ɗoriya Kentaki na gaba da 72 da 70. Verdell Jones ya ɗauko ƙwallo ya keta fili, ya juyo ya miƙa wa Watford da ke biye da shi, Watford ya saki jifar nesa, ta shiga daidai da ƙarar tashi. 73 da 72. Jones na cikin yaran da suka sha kashi 25 a kakar farko. Cikin biyar ɗin da ke fara wa Indiyana wasa a wannan shekara, huɗu, wato Jones, Hulls, Oladipo da Watford, da su aka sha kashi 20 a bara. Kakar ta ƙare da nasara 27, kashi 9, suka kai zagayen 'yan 16 a gasar ƙasa, inda Kentakin ta rama da 102 da 90 ta wuce ta ɗauki kofi.

Daga 12 zuwa 27 tsalle ne babba, amma kuskure ne a zuba shi duka a asusun horarwa. Zeller ba Crean ne ya gina shi ba, a gine ya zo. Zuwansa kuma ya sauya aikin kowa. Watford, wanda shekara biyu ana tilasta masa kokawa da ƙarti a gindin kwando, ya samu ya fita waje inda jifarsa ke aiki. Abokan hamayya suka koma tara mutum biyu a kan Zeller, sai Hulls ya riƙa samun kansa ba mai gadi. Wato wani ɓangare na gyaruwar alƙaluman yaran nan daga inuwar Zeller ya fito. Sai dai inuwa ba ta amfanar wanda bai shirya ba. Da Watford yana nan a 32 cikin ɗari, da filin da Zeller ya buɗe masa ya tashi a banza. Shi ya sa na fi ba hawan da ya yi tun kafin zuwan Zeller muhimmanci, daga 32 zuwa 38, fiye da wanda ya yi bayansa.

Rabon wa?

Akwai wata doka da ke rage wa koci rabo. Kafin 2012 hukumar NCAA ba ta yarda kociyoyi su horar da 'yan wasansu a fili lokacin dogon hutun tsakiyar shekara ba. Da aka sassauta ma, awa biyu kawai a mako aka ba su na koyar da dabarun wasa. Jifa kuwa a hutu ake gyara ta, da maimaici ɗari bisa ɗari, ba a tsakiyar kaka ba. Saboda haka mafi yawan gumin da ya sauya Oladipo shi kaɗai ya zubar da shi, shi da Sheehey, a sabon zauren atisaye na Cook Hall da aka buɗe a 2010. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma gudun nan yaron ne ya yi shi. Haka kuma jifa 68 ba ta da yawan da za a rantse a kanta. A shekararsa ta farko a NBA, inda layin jifar maki uku ya fi nisa, jifarsa ta nesa ta dawo wajen 33 cikin ɗari, sai a 2018 ya zama tauraro sosai a ƙungiyar Indiana Pacers.

Abin da ke mai da wa Crean rabonsa shi ne maimaituwar lamarin. Sau ɗaya sa'a ce. Amma a Marquette shi ne ya ɗauki Dwyane Wade, wanda daga baya ya zama tauraron NBA, lokacin da makarantu ƙalilan ke nemansa saboda matsalar sakamakon karatu, ya haƙura da shi shekara guda bai buga ba, har Wade ya kai su zagayen 'yan huɗu a 2003. Bayan Oladipo kuma ya ɗauko OG Anunoby, haifaffen Landan ɗan asalin Najeriya da ya tashi a jihar Missouri, wanda shi ma ba a sa shi cikin manya ba. Mutum uku, duk masu irin jiki ɗaya da irin wasa ɗaya, a makarantu biyu, cikin shekara goma sha biyar. Wannan ido ne, kuma hannu ne. Hukuncina a kan kakar 2010 zuwa 2011 shi ne masu makarantar sun yi daidai da suka bar shi, kuma hujjar tana nan tun lokacin ga wanda ya duba inda ya kamata: jifar Watford, ragamar Hulls, mintunan da aka ba sababbin shiga biyu, da kuma cewa ginshiƙan ƙungiyar ba su gudu ba duk da dukan da suke sha.

Amma gina ɗan wasa daban, gina ƙungiya daban, kuma a nan takardar Crean ba ta da tsabta haka. Ƙungiyar 2010 zuwa 2011 ta yi ta keta ba ƙaƙƙautawa, tsaronta a matsayin taro bai nuna gyaruwar da ɗaiɗaikun yaran suka nuna ba. A 2013, da Oladipo da Zeller da Watford da Hulls duk sun goge, Indiyana ta daɗe tana ta ɗaya a ƙasa, ta ci kambun Big Ten, ta gama da nasara 29. A zagayen 'yan 16 Syracuse ta kafa musu tsaron yanki, irin wanda kowa ke gadin wuri maimakon gadin mutum, tsarin da duk duniyar wasan ta san Syracuse da shi. Indiyana ta rasa ta inda za ta ɓullo, aka doke ta 61 da 50. Ƙungiya mai mutum biyu da NBA za ta ɗauka cikin huɗun farko ta tsaya a inda ta tsaya bara. Kaka ta gaba, da waɗannan suka tafi, aka dawo nasara 17 kashi 15, ba a ko shiga gasar ƙasa ba, kuma a shekarun da suka biyo baya yara da dama sun bar makarantar kafin wa'adinsu.

Yau irin wannan awon ya ƙara wuya. Tun 2021 ɗan wasa na iya sauya makaranta ya buga nan take, kuma yana iya samun kuɗi da sunansa. Yaro irin Watford da ya ci maki 16 a ƙungiya mai shan kashi, da wuya ya jira shekara ta uku, wata babbar makaranta za ta kira shi. Kocin da ya yi wahalar shekara biyun farko sai ya ga wani na girbe masa gona, kuma alƙaluman da za su wanke shi a rigar wata makaranta za a rubuta su.

Crean ya sake cin kambun Big Ten a 2016. A Janairun 2017 Anunoby ya ji rauni a gwiwa, kakar ta lalace, aka sallami Crean a watan Maris bayan shekara tara, da nasara 166 da kashi 135. Bayan wata uku Toronto Raptors ta ɗauki Anunoby na 23 a zaɓen NBA, gwiwar tasa ba ta ma gama warkewa ba.